Tambaya da Amsa: Su Wa Suka Buga Gangar da Amurka Ta Yi Rawa da Ita?

Tambaya: Malam, ni da abokina mun yi musu har mun gaji. Shi ya ce Vanilla Ice ne ya fara shigar da rap jadawalin waƙoƙin Amurka, ni kuma na ce akwai waɗanda suka riga shi. Don Allah a raba mana gardama.
*Ɗalibi daga Samaru, Zariya*

Amsa: Ɗana, gaskiya tana wajenka, amma abokinka ma ba da ka ya yi magana ba. Jadawalin da kuke musu a kai shi ne Hot 100 na mujallar Billboard, wanda aka fara a 1958, a lokacin ana duba yawan faifan da aka sayar da yawan sakawa a gidajen rediyo. Waƙar Vanilla Ice, "Ice Ice Baby", ita ce rap ta farko da ta hau lamba ɗaya, a 1990. Amma tun 1979 ƙungiyar Sugarhill Gang ta fitar da "Rapper's Delight", wadda ta kai lamba 36, kuma ita ce ta fara kai rap cikin arba'in na sama.

Mace ce ta haɗa wannan aiki, Sylvia Robinson, mawaƙiyar soul da ta yi tashe a 1973 da "Pillow Talk", daga baya ta buɗe kamfanin faifai a Englewood, jihar New Jersey. Samari ukun da ta tara a Sugarhill Gang ba sa cikin waɗanda suka kafa harkar rap. Mafarinta unguwar Bronx ce ta New York, inda DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya yi wa ƙanwarsa Cindy kiɗa a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick ranar 11 ga Agusta, 1973, don ta samu kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Ɗaya daga cikin samarin Sylvia, Big Bank Hank, baitocin Grandmaster Caz ya rera, kuma sunan Caz bai fito a jikin faifan ba. Ka gaya wa abokinka wannan ma, don ni a ganina ya fi batun lamba muhimmanci.

Tambaya: Malam, na girma ina jin James Brown da Aretha Franklin a garmahon yayana. Yanzu 'ya'yana suna saka tsofaffin waƙoƙin hip-hop, sai in ji kiɗan da na sani a ciki. Shin wannan ba sata ba ce?
*Wata uwa daga Unguwar Sarki, Kaduna*

Amsa: Hajiya, kunnenki bai yaudare ki ba. Abin da Kool Herc ya lura da shi shi ne, a cikin faifan soul da funk akwai ɗan wurin da mawaƙi da masu busa da masu jita kan yi shiru, a bar mai ganga shi kaɗai, kuma a nan ne 'yan rawa suka fi zabura. Sai ya sayi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kan garmaho biyu, in wannan ya ƙare ya sako wancan, ɗan kiɗan daƙiƙa goma ya zama na minti biyar. Da na'urorin yankan sauti suka yi araha a shekarun 1980, sai aka daina wahalar juya faifai: a yanko guntun kiɗan, a maimaita shi, a ɗora baiti a kai.

Ni ban kira wannan sata ba. Yaran Bronx ba su da kuɗin ɗaukar makaɗa, abin da ke gidajensu faifan iyayensu ne, da shi suka ƙera sabon abu, kuma ta dalilinsu aka tono waƙoƙin da kasuwa ta riga ta binne. Inda zalunci yake shi ne wajen rabon kuɗi, kuma wannan ya girmi hip-hop.

Ga Clyde Stubblefield, makaɗin James Brown. A watan Nuwamba na 1969, a birnin Cincinnati, suka ɗauki "Funky Drummer". Waƙar ba ta yi wani abin a zo a gani ba a kasuwa, ko arba'in na sama ba ta shiga ba. Amma a tsakiyarta Brown ya ba shi fili ya buga shi kaɗai na kusan daƙiƙa ashirin. Ina da wannan waƙa, kuma duk sanda na saka ta wurin nan nake jira: hannunsa na ɗan taɓa ƙaramar gangar a hankali tsakanin manyan bugu, da ƙyar kunne ke kamawa, amma in aka cire su kiɗan ya mutu. Wannan bugu shi ne a ƙarƙashin "Fight the Power" ta Public Enemy a 1989, da "Mama Said Knock You Out" ta LL Cool J a 1990, da ɗaruruwan wasu. A dokar haƙƙin mallaka ta Amurka kuwa, kuɗi na wanda aka rubuta sunansa a matsayin marubucin waƙa ne da kamfanin da ya mallaki faifan. Sunan Brown ne a rubuce. Stubblefield ladan aikinsa na ranar kawai ya samu. Da ciwo ya kama shi a tsufansa, mawaƙi Prince ne ya biya masa kuɗin asibiti a asirce, sai bayan rasuwar Prince a 2016 maganar ta fito. Stubblefield ma ya rasu a 2017.

Na Gregory Coleman ya fi ci mini rai. Shi ne makaɗin ƙungiyar The Winstons, waɗanda waƙarsu "Color Him Father" ta shiga goma na sama a 1969 har ta ci kyautar Grammy. A bayan faifan akwai wani kiɗa marar baiti, "Amen, Brother", a ciki Coleman ya buga shi kaɗai na kimanin daƙiƙa bakwai. N.W.A sun ɗora "Straight Outta Compton" a kai a 1988, matasan Ingila kuma suka gina salon kiɗan da suke kira jungle a kansa. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006, shugaban ƙungiyar Richard Spencer ya ce ko muhalli ba shi da shi. Ko sisi bai samu ba daga wannan bugu.

Mu ma a nan kowa ya san sunan mawaƙin da ke gaba, amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan mai kalangun da ke bayansa? Haka kamfanin Motown na Detroit ya yi shekaru fiye da goma yana fitar da faifai ba tare da rubuta sunayen makaɗansa ba, waɗanda ake kira Funk Brothers. Sai a kundin Marvin Gaye na 1971, "What's Going On", sunan James Jamerson mai jitar bes da na abokan aikinsa suka bayyana.

Kotu ta shigo maganar a 1991, lokacin da Gilbert O'Sullivan ya kai Biz Markie ƙara a New York kan yanko waƙarsa ba izini, ya kuma yi nasara. Tun daga nan kamfanoni suka koma neman izini da biyan kuɗi kafin su fitar da waƙa. Sai dai kuɗin na tafiya ne ga marubuci da mai kamfani, kamar dā. Idan yaran suka sake sakawa, Hajiya, ki nemo musu asalin faifan su ji, ki faɗa musu sunan mai gangar.

Tambaya: Malam, an ce mutumin ƙasarmu ya taɓa kai Michael Jackson kotu. Gaskiya ne?
*Ɗan kasuwa daga Garwa, Kamaru*

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Manu Dibango ne, haifaffen Duwala, mai busa saksafon. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka, aka sa shi ya yi waƙar gasar, a bayan faifan kuma ya saka "Soul Makossa". Wani DJ a New York, David Mancuso, ya tsinci faifan a wani shago a Brooklyn, Frankie Crocker ya riƙa sakawa a gidan rediyon WBLS, jama'a suka yi ta nema babu shi a kasuwa. Kamfanin Atlantic ya karɓi izinin bugawa, a 1973 ta kai lamba 35 a Hot 100.

Amshinta ne Michael Jackson ya saka a ƙarshen "Wanna Be Startin' Somethin'", waƙar da ta buɗe kundin Thriller na 1982, ba tare da ya nemi izini ba. Dibango ya yi ƙara, aka sasanta a wajen kotu aka biya shi. Abin da ya bambanta shi da makaɗan da na ambata a sama shi ne sunansa na rubuce a matsayin mai waƙar, don haka yana da abin nuna wa alƙali. A 2009 ya sake shigar da ƙara a Faransa bayan Rihanna ta yi amfani da amshin nan ta hanyar waƙar Jackson, amma kotun Paris ba ta karɓi ƙarar ba. Ya rasu a Faransa a watan Maris na 2020 sakamakon cutar korona, yana da shekara 86.