Amsa kan abin da ake ƙara wa 'yan ragunan turke a abinci don su yi jiki

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta tambayarka, ka ce kana da 'yan raguna 20 'yan wata huɗu zuwa biyar da ka turke, kana zuba musu dusa da hatsi sosai amma jikin ya ƙi tashi, wasu ma zawo suke yi, kuma an ce ka nemi yis ko firimis, wato haɗaɗɗen garin bitamin da sinadarai, ko wani gari da ake barbaɗawa a abinci, shi ne kake son sanin wanne ne yake aiki da gaske. Na ga kowa ya kira maka sunan nasa maganin, to ni dai bari in faɗa maka abin da na gani da idona, don na daɗe ina wannan kiwon kuma na yi asara a cikinsa ba sau ɗaya ba.

Duk waɗannan abubuwan da ake ƙarawa ba su ne ke sa rago ƙiba ba, aikinsu su gyara tumbi ko su kare shi, abincin ne ke zama nama. Rago ba kamar kaza ba ne, abin da ya ci tumbinsa yake fara sauka, a can akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke ruɓar da ciyawa da hatsi su mayar da shi abin da jiki zai sha. Wato kai a zahiri su kake ciyarwa, su kuma su ciyar da ragon. Kuma suna da yanayin da suke so, ma'aunin tsami da ake kira pH ya tsaya tsakanin 6 da 7. Da ka cika hatsi ko dusa mai laushi lokaci ɗaya sai tsami ya yi yawa, in ya sauka ƙasa da 6 masu narkar da ciyawa su fara ja da baya, in ya kai 5.5 ya wuce ƙasa to an shiga matsala, ragon zai daina tuƙa, yau ya ci gobe ya ƙi, kashinsa ya yi ruwa da wari mai tsami, wani har ɗingishi zai fara don zafin kofato. Yadda ka kwatanta naka wallahi wannan na fi zargi, kuma in haka ne ko buhun firimis ka juye musu ba za su motsa ba.

Don haka kafin ka sayi komai ka rage hatsin, ka dawo musu da busasshiyar ciyawa ko harawa mai tsawo wadda sai sun tauna, don taunar ce ke kawo yawu, yawun kuma shi ne maganin tsami da Allah ya yi musu, rago ɗaya yana zuba lita da yawa a tumbinsa kullum. Sannan ka riƙa ƙara hatsin kaɗan-kaɗan cikin sati biyu zuwa uku. Kar ka niƙa shi ya zama gari, ɗan rago yana tauna ƙwayar hatsi da kansa lafiya lau, garin ne ma ya fi saurin tsami. Ka raba abincin safe da yamma, komin ya ishe su duka su tsaya lokaci ɗaya, in ba haka ba manya su cinye su kumbura ƙanana su tashi da yunwa.

Sai tsutsar ciki. Ka buɗe fatar idon kowanne ta ƙasa ka duba, in ja ce madalla, in ta yi fari-fari to akwai tsutsa mai shan jini, wannan dabarar duba ido a Afirka ta Kudu aka tsara ta ana ce mata FAMACHA, kuma tana aiki. Zawo a wannan shekarun kuma yana iya zama koksidiya, wata ƙwayar cuta ce da ke kama hanji, musamman in wurin kwanansu da danshi ko kashi yana shiga komin abinci, maganin tsutsa ba ya kashe ta, nata daban ne. Ka kai kashin a duba, ba wani abu ne mai wahala ba. Ka kuma yi musu rigakafin ciwon nan da ke kashe ɗan rago farat ɗaya in ya ci hatsi da yawa, allura biyu ce tsakaninsu sati uku zuwa huɗu, abin takaicin wanda ya fi kowa ci da kyan jiki shi yake ɗauka, ka kwana da shi lafiya ka tashi ka tarar da gawa.

To yanzu ga abubuwan da ka tambaya. Bekin soda yana aiki, wannan ba na shakka, in abincin hatsi ya fi yawa a ciki kana sa kamar kilo 1 a kilo 100 na busasshen abinci yana riƙe tsamin, kanwa ma kusan aikin da take yi kenan sai dai ita ba ka san ƙarfinta ba, wata ta fi wata kuma da ƙasa a ciki. Amma fa akwai wani gefe da ba a cika faɗa ba, kuma a nan na ƙone. Akwai shekarar da na dogara da dusar alkama kusan zalla, ina ƙara musu kanwa a ruwa, suna ta yin kyau, kwatsam sai ɗaya ya fara tsayawa yana miƙa jiki yana yunƙurin fitsari ba ya fita sai ɗigo, yana cije haƙora yana harbin cikinsa, na ɗauka kashi ne ya ƙi fita na ba shi mai, ashe tsakuwa ce ta toshe masa hanyar fitsari, kafin a kira likita mafitsara ta fashe. Bayan sati wani ya biyo. Likitan ne ya zaunar da ni ya ce dusa da hatsi sinadarin fosfaras ne ya cika su, sinadarin kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, shi kuma rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu, in aka juya lissafin tsakuwa take haɗuwa, soda da kanwa kuma suna ƙara gyara wa tsakuwar wurin zama a fitsari. Maza take kamawa saboda hanyarsu siririya ce kuma a lanƙwashe, waɗanda aka dandaƙe da wuri sun fi shiga haɗari. Tun daga nan ban sake haɗa abinci babu garin farar ƙasa irin na abincin dabba ba, don ita ce ke kawo kalsiyam ɗin, kamar kilo 1 zuwa 1.5 a kilo 100, da gishiri don su sha ruwa da yawa, da wani gari mai hana tsakuwar haɗuwa da ake ce wa amoniyam kuloraid giram 500 a kilo 100. Shi wannan yana da ɗaci, in ka wuce ƙa'ida za su ƙi abincin. Kuma ka lura shi da soda jan juna suke, ɗaya na rage tsami ɗaya na sa fitsari tsami, shi ya sa ni soda a satukan farko na sabo da hatsi kawai nake sawa, da sun daidaita sai in janye in bar ciyawa ta yi aikinta. In ka tambaye ni abin ƙari ɗaya da ya fi ceton raguna a turke, wallahi farar ƙasar nan ce, ba kowa ke kallonta ba don ba ta zo a leda mai hoto ba.

Firimis kuwa dan Allah ka karanta jikin ledar da kyau, in ba a rubuta na tumaki ba ne kar ka taɓa. Na shanu da na kaji da na alade suna da sinadarin jan ƙarfe da yawa, za ka ga an rubuta Cu, saniya tana ɗauka amma tunkiya hantarta tara shi take yi ba ta iya fitarwa. Mugun abin shi ne ba ya nunawa da wuri. Ni na taɓa yankewa na ce bari in yi amfani da na shanu tunda shi ne a hannu, wata biyu zuwa uku ba abin da ya faru, har ina jin daɗi, rana ɗaya bayan na canza musu wuri sai guda ya ƙi ci, idonsa ya zama rawaya, fitsarinsa ja wur ya yi duhu, kwana biyu ya tafi, da aka feɗe hanta ta sauya launi ƙoda ta yi baƙi. Uku na rasa a wannan karon kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci, don abu ne da karatun layi ɗaya zai hana. Har dutsen lasa ka duba, shi ma akwai na shanu. Na tumaki na gaskiya yana da amfani, akwai kobalt da tumbi ke bukata ya haɗa bitamin B12, akwai seleniyam da bitamin E da ke hana ciwon da ke sa tsoka ta yi rauni ɗan rago ya kasa tashi, akwai zink. Amma in jikin bai rasa su ba ƙari ba ya ƙara nama, ninka awo ma guba yake zama, musamman seleniyam.

Yis da kowa ke magana a kai, wanda ake nufi mai rai ne, irin jinsin da ake sa wa burodi amma wanda aka tanada don dabba. Yadda yake aiki, yana shanye ɗan iskar da ke shiga tumbi da abinci, masu narkar da ciyawa ba sa son iska, sannan yana taimakon ƙwayoyin da ke cinye mugun tsamin nan. Na gwada shi, na raba raguna gida biyu abinci iri ɗaya, abin da na gani shi ne lokacin sabo da hatsi da lokacin tsananin zafi masu yis ɗin sun fi tsayawa kan cinsu, kashinsu ya fi kyau, amma da komai ya daidaita bambancin nauyi ɗan kaɗan ne, wani zagayen ma ban ga komai ba. To yana da amfani amma ba irin yadda ake kururuta shi ba. Kuma abu ne mai rai, in ya sha zafi ko danshi a ajiya ko ranarsa ta wuce, gari kawai kake zubawa. Su inzayim masu taimakon narkar da abinci da man tsirrai irin na tafarnuwa da sauransu ma haka, wani ya ga canji wani bai gani ba, ni ban ci gaba da su ba.

Akwai magungunan da ake ce wa monensin da lasalosid, waɗannan kam suna canza aikin tumbi da gaske, suna rage ƙwayoyin da ke ɓarnar abinci ya fita a iska, ragon ya ɗan rage yawan abin da yake ci amma ya ba da nauyi iri ɗaya, kuma suna danne koksidiya. Sai dai tazarar da ke tsakanin magani da guba gajeriya ce. Ka duba, lasalosid da aka amince a ba tumaki a Amurka giram 20 zuwa 30 ne a tan guda na abinci, ta yaya mutum zai gauraya giram 30 cikin tan da shebur ya tabbata ko'ina ya samu daidai, dole wani ya ci dunƙule, kuma zuciya yake bugawa. In kana da doki ko jaki a gidan ma kar ya shigo maka, monensin kaɗan yake kashe su. Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su monensin don ƙara girman dabba tun farkon 2006. Ni shawarata in ba likitan dabbobi ne ya rubuta ba kuma injin haɗa abinci ne ya gauraya ba, ka bar shi.

Yuriya ma za a ce maka tana maye gurbin furotin, gaskiya ne ga babban rago mai cikakken tumbi, kuma ba ta wuce kilo 1 a kilo 100 na dukkan abin da yake ci, sai da sabo a hankali, in ta taru a gindin komi ko ruwa ya jiƙa ta suka sha, cikin rabin awa zuwa awa za ka ga suna rawar jiki suna kumburi suna faɗuwa. Naka ƙanana ne, furotin na gaske suke bukata, kamar kashi 14 zuwa 16 cikin 100 na abincin, daga tunkuzar gyaɗa ko waken suya ko ta auduga. Ina ma zargin a nan wani gibin naka yake, don dusa da hatsi kaɗai ba lallai su cika wannan ba, ɗan rago mai girma kuma tsoka da ƙashi yake ginawa kafin kitse.

Abu ɗaya da nake roƙonka da Allah kar ka yi, ƙwayoyin nan da allurar da wasu ke ba dabba ta kumbura cikin sati biyu, irin su dekisametason. Ruwa ne yake taruwa ba nama ba, yana karya garkuwar jikin dabbar, kuma mutane ne za su ci naman da yaransu. Haka duk maganin da ka ba su ka duba kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka ka cika su.

Ka nemi sikeli ko na ratayewa ne, ka auna kowanne da safe kafin ya ci, ka rubuta, bayan sati biyu ka sake. Ɗan rago lafiyayye a turke yana cin busasshen abinci kamar kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa kullum, kuma yana iya ƙara giram 150 zuwa 250 a rana gwargwadon irinsa. In ka gyara ciyawa da tsutsa da farar ƙasa da furotin ka ga sun hau wannan layin, sannan ka raba su goma-goma ka sa wa rabi yis ɗin ka bar rabi, abu ɗaya kawai za ka canza, sikelin zai gaya maka ko ya biya kuɗinsa a wurinka. Yanzu dai ka rubuto min abin da kake haɗawa da awon kowanne, da ko akwai jini ko majina a zawon, da ko suna tuƙa in sun kwanta, sai mu duba haɗin tare. Masu zawon kuma ka ware su yau, ciyawa da ruwa mai tsabta kawai har likita ya gan su. Allah ya ba su lafiya ya sa albarka a kiwon.