Makarantar ɗana ta ce NELFUND za ta biya masa, in yarda?

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin difloma a wata makarantar kuɗi a garinmu. Sun ce mu biya kuɗin zangon farko, daga baya gwamnati za ta ba shi bashin karatu na NELFUND. Ni ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsa. In biya? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya raya miki shi. Kada ki biya tukuna.

Bashin NELFUND, wanda Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne: jami'o'i, kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya da na jihohi. Makarantar kuɗi ba ta cikin tsarin, don haka alƙawarin da aka yi miki ba shi da tushe. Ko a makarantar gwamnatin ma, sai yaro ya shiga ta hannun JAMB, yana da NIN da BVN, kuma makarantarsa ta tura sunansa. Kuɗin karatu asusun makaranta ake zuba shi kai tsaye, ɗalibi kuma ya samu Naira 20,000 duk wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar da zai fito da ita. Hukumar NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ita ke tantance kwasa-kwasan ƙaramar difloma (ND) da babbar difloma (HND), kuma kwas-kwas take amincewa da su. Makaranta tana iya samun izini a kan kwas ɗin akanta, ta buɗe sashen kiwon lafiya ba tare da izini ba. Yaron da ya shekara biyu a irin wannan sashe, idan ya nemi HND sai a ce ba a san takardarsa ba, ga kuɗinki ya tafi.

Ki je ofishin rajista da kanki, ki ce a nuna miki takardar amincewar NBTE mai ɗauke da sunan kwas ɗinsa. Idan aka ce miki "muna kan hanyar samu", ki ɗauki jakarki ki fito.

Shawarata, ya yanki fom ɗin JAMB na gaba, ya zaɓi Nuhu Bamalli da ke nan Zariya. Kwalejin gwamnatin Jihar Kaduna ce, a can zai iya neman bashin, yana kuma kwana a gida.