Hasken Bango a Wurin Ɗaukar Fim: Amsoshin Tambayoyinku

Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ya rubuto cewa yana ɗaukar hirarraki da gajerun finafinai a wani ɗaki da ya kama haya, kuma yana da fitilu biyu masu haska fuska, amma bangon baya yana fitowa da duhu da wata ƙatuwar inuwa. Kuɗin hannunsa ba za su wuce babbar fitila ɗaya ko ƙanana biyu ba, wanne zai saya?

Malam, kafin ka taɓa aljihunka, ka fara jawo kujerar mai magana ta yi nisan kamar mita 2 daga bango, sannan ka ɗaga fitilun fuska sama da kansa domin inuwar ta kwanta a ƙasa, inda kyamara ba ta gani. Za ka tarar bangon ya ƙara duhu, kuma kada hakan ya tayar maka da hankali, domin duk lokacin da tazarar fitila da abin da take haskawa ta ninka, hasken da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. A nan ne bangon ke buƙatar fitilarsa ta kansa, shi ya sa nake ba ka shawarar ƙanana biyu.

Ka nemi fitilun LED masu maɓallin rage ƙarfi, waɗanda launin haskensu ke sauyawa daga Kelvin 3200, mai ɗan ja irin na tsohon ƙwan lantarki, zuwa 5600, fari irin na rana. Ka duba kwali ka ga lambar CRI, wato ma'aunin yadda fitila ke nuna launuka daidai, ta kai 95, in ba haka ba rawanin baƙonka zai iya fitowa da ratsin kore. Masu cin batirin NP-F, irin na kyamarar bidiyo, sun fi dacewa da mu, tunda ba wanda ke son wuta ta ɗauke a tsakiyar hira. Kada ka biya sai mai shago ya kunna ka ɗauka da wayarka, domin fitila mai araha takan yi ƙyaftawa da ido ba ya kamawa amma kyamara tana kamawa. Lantarkin Najeriya yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ka saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa don kowane hoto, a 1/50.

Wajen ajiyewa kuwa, ka sa guda a ƙasa dab da bango tana haskawa a karkace. Idan akwai zanen dagi ko shafen siminti mai gurje-gurje, irin na tsofaffin gidajen cikin birni, za ka ga kowane layi ya tashi da 'yar inuwarsa, abin da haske na gaba-da-gaba yake shafewa. Ɗayar ka ɓoye ta bayan kujera. Bangon dai kada ya fi fuska haske.

Wata malamar sakandare a Daura ta tambaya ko lalle ne ta sayi fitilu masu launuka don wasan kwaikwayon ɗalibanta, alhali farin ƙyalle kawai suke ratayewa a bayan dandamali.

Malama, farin ƙyallen nan ya wadatar, muddin an ja shi ya miƙe, domin kowace tamoji tana bayyana da zarar haske ya same ta. Fitilun tsakar gida na LED guda uku ko huɗu, a jere a ƙasa da tazara daidai, za su wanke shi da haske, a ɗora musu takardar launi ta masu fim, shuɗi don dare, ruwan goro don almuru. Ledar kasuwa kam kada ta kusanci fitilar halojin, narkewa take yi. Ki ja layi da alli mita 1 daga fitilun ta ɓangaren 'yan kallo, ki ce wa yaran kada wanda ya tsallaka shi.