Tunda akwai Hubble da Webb, me za a yi da wani teleskop kuma?

Tambaya daga wani ɗalibi a Kawo, Kaduna: Malam na ji NASA na haɗa sabon teleskop wai shi Roman, kuma madubinsa girman na Hubble ne. Tunda ga James Webb da ya fi shi girma, ba ɓarnar kuɗi ba ne?

Amsa: Ƙanina gaskiya ne, madubin Roman mita 2.4 ne daidai da na Hubble da aka harba tun 1990, shi kuwa Webb mita 6.5 ne. In da girman madubi ne kaɗai magana da sai ince ka yi gaskiya. Amma ba don ya fi su hangen nesa ake gina shi ba, don faɗin abin da yake kamawa a hoto ɗaya ne. Babbar kyamararsa tana da megapiksel wajen 300, kuma a ɗauka ɗaya tana kama fili a sama da ya ninka na kyamarar infirared (wani haske da ido ba ya gani) ta Hubble aƙalla sau 100, kuma kaifin hoton bai ragu ba. Kaga in ana so a san yawan mutanen Kaduna ai ba gida ɗaya za a ƙura wa ido a Unguwar Rimi ba komai kyawun tabarau, ƙidaya za a fita yi unguwa unguwa. Toh Roman ɗan ƙidaya ne.

Me za a ƙirga? Nan maganar take. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suna auna wasu taurari da suka fashe, sufanoba iri na Ia, su wannan irin haskensu na asali kusan sananne ne saboda haka in ka ga yadda ya dushe ka san nisansa, sai suka gano sararin samaniya ba faɗaɗa kawai yake ba, faɗaɗar ma ƙara gudu take, alhali kowa ya ɗauka ƙarfin janyowa zai riƙa rage mata gudu. Wannan ne ya ba Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess kyautar Nobel a 2011. Abin da ke wannan turawar shi ake kira baƙin makamashi, kuma lissafi ya nuna shi ne kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke sararin, mu da taurari da duk abin da ake iya taɓawa wajen kashi 5 ne kacal. Babbar tambayar yanzu ita ce ƙarfinsa ɗaya ne tun farko ko yana canzawa da zamani, kuma ba a amsa wannan da galaksi (wato babban gungun taurari) goma ko ɗari, sai ɗaruruwan miliyoyi. Roman zai tara sufanoba dubbai, zai zana taswirar yadda galaksi suka rarrabu a zamani daban daban, sannan zai auna yadda nauyin abubuwan da ke kan hanya ke ɗan karkatar da hasken galaksi masu nisa har siffarsu ta ɗan miƙe. Karkatar nan ƙanƙanuwa ce sosai, a galaksi ɗaya ba za ka gane ba sai ka haɗa da yawa. Ƙasashen Turai ma sun harba nasu teleskop, Euclid, a Yulin 2023 don irin wannan aikin, Roman zai fi shi zurfi shi kuma Euclid ya fi faɗi.

Ɓangaren duniyoyin da ke kewaya wasu taurari ni ya fi burge ni wallahi. Zuwa yanzu an tabbatar da sama da 5,000, amma yawancinsu waɗanda ke manne kusa da tauraronsu ne don su suka fi sauƙin kamawa. Roman zai juya wajen tsakiyar galaksinmu inda taurari suka cunkushe ya riƙa ɗaukar hoton waje ɗaya duk bayan 'yan mintuna. In wani tauraro ya gitta ta gaban wani da ke can baya, nauyinsa yana lanƙwasa hasken na bayan sai a ga ya ƙara haske na kwanaki ko makonni, in kuma na gaban yana da duniya sai a ga wani ɗan ƙarin ƙyalli na 'yan awanni ko kwana ɗaya. Da haka ake kama duniyoyi masu sanyi da ke nesa da tauraronsu, har da waɗanda ke yawo su kaɗai ba tauraro. Ana sa ran sama da 1,000 ta wannan hanyar. Akwai kuma na'ura ta biyu mai toshe hasken tauraro don a ga duniyar da ke gefensa kai tsaye, amma kar a zuzuta ta, gwajin fasaha ce, manyan duniyoyi irin Jufita za ta nema.

Batun kuɗi, madubin ma kyauta NASA ta same shi a 2012 daga hukumar taurarin ɗan'adam na leƙen asirin Amurka. Sunan kuma na Nancy Grace Roman ne, shugabar sashen ilmin taurari ta farko a NASA, an sa masa a 2020. A cibiyar Goddard da ke Maryland aka haɗa shi, rokar Falcon Heavy ta SpaceX ce za ta ɗauke shi, wa'adin da NASA ta sa shi ne kar ya wuce Mayun 2027, zai zauna kilomita miliyan 1.5 daga nan, yankin da Webb yake.

Kai da kake ɗalibi, abin da ya shafe ka shi ne bayanan Roman za a sake su ga kowa ba tare da an ɓoye wa wasu na wani lokaci ba, ɗan KASU ko ABU Zariya da kwamfuta da data zai iya saukewa kamar kowa. Ka dage da lissafi da fiziks, ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu.