Agogon da aka aiko daga Amurka yana baya da minti goma

Tambaya: Malam, yayana ya aiko mini da agogon tebur mai jona wa a wuta daga Amurka. Na saya masa taransifoma mai rage wuta zuwa 110, yana aiki, amma duk awa ɗaya sai ya yi baya da minti goma, alhali agogon wayata bai taɓa kuskure ba. Ya lalace ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, lafiyarsa ƙalau. Ƙasar ce bai saba da ita ba.

Wutar da ke shigowa gida tana kai da komowa ne cikin waya. A Najeriya da Nijar tana yin haka sau 50 a sakan ɗaya, a Amurka sau 60. Cikin agogonka akwai ɗan inji mai bin sahun wuta: wutar na ratsa nannaɗaɗɗiyar waya, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma maganaɗisun da ke tsakiya ya riƙe masa ƙugu, su juya tare daidai wa daida. Saurinsa ya dogara da bugun wuta kaɗai, wato yawan kai da komowar nan a sakan ɗaya. An ƙera shi ya ƙirga 60, ka ba shi 50, sai ya nuna minti 50 a madadin awa. Taransifoma ƙarfin wuta take ragewa, ba ta taɓa bugunta.

Ko Turai ta ɗanɗana. A farkon 2018 saɓani tsakanin ƙasashen Sabiya da Kosobo kan wutar lantarki ya sa bugun ya ɗan sauka, irin waɗannan agogunan suka yi baya da kusan minti shida.

Wayar salularka ba ruwanta da wannan, da ɗan dutsen kuwaz (wani dutse mai bugun kansa da ba ya sauyawa) take ƙirga lokaci, tana kuma daidaitawa da netwok. Sai dai irin injin na nan cikin kwamfutarka: fankar sanyaya ta da injin da ke juya faifan ajiya sau 5400 ko 7200 a minti danginsa ne, illa dai su wata 'yar na'ura ce ke ƙera musu nasu bugun. Manyansu kuwa suna niƙa a masana'antun siminti, kuma janaretocin Kainji da Shiroro irinsu ne da ake juyawa da ruwa.

Na'urar mai da 50 zuwa 60 ta fi agogon tsada. Ni dai shawarata, ka ajiye shi ado, ka sayi mai batir.