Mota ta yi damina a ajiye, yanzu birki na karkarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 da nake ɗaukar fasinja zuwa kasuwar Gujungu. Ruwa ya yanke mana hanya a watan Agusta, sai na ajiye ta a gindin darbejiya kusan wata biyu. Da na fito da ita, duk sanda na taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa, ga wata ƙara kamar ana niƙa. Bakanikenmu ya ce diski ya lanƙwashe, a sayo sabo. Haka ne? Daga wani direba a Ƙaramar Hukumar Taura, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin sayen diski. Motar da take tsaye ba ta lanƙwasa diski. Zafi da aiki ne ke ɓata shi, ita kuwa taka hutawa ta yi. Abin da na fi zargi tsatsa ce.

Diski, wato faifan da birki ke matsewa a bayan taya, ƙarfen zubi ne, kuma fuskarsa ba fenti, don haka raɓar dare ɗaya ma tana sa shi ya yi ja, balle laimar Agusta a ƙarƙashin bishiya. Sai dai tsatsar ba ta cin sa bai ɗaya. Inda fad ɗin birki, wato abin da ke gogar diskin ya tsayar da mota, ya zauna manne da shi na tsawon wata biyu, wurin yakan bambanta da sauran, har ka ga hoton fad ɗin ya fito a jiki. To duk zagayen da taya ta yi, fad zai bi ta wuri mai santsi ya faɗa mai kaushi, ya kama ya saki. Wannan kamawa da sakin ne ke isowa hannunka. Bambancin kaurin da bai kai silin gashi ba ya isa ya girgiza sitiyari.

Ga gwajin da ba zai ci maka ko kwabo ba. Samu kwalta miƙaƙƙiya da babu mutane ko dabbobi, kuma ba fasinja a motar. Kai gudun kilomita 60, ka taka birki da ɗan ƙarfi har ta sauko kusan 20, ka saki ba tare da ka tsaya cak ba. Maimaita kamar sau goma, sannan ka yi tafiya kaɗan birkin ya sha iska. In tsatsar sama ce, ƙarar niƙan ce za ta fara ɓacewa, karkarwar ta biyo ta cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki.

Yayin gwajin ka lura da inda kake jin abin. A sitiyari, matsalar gaba ce. In a kujera ne ko bayan mota, duba baya: yawancin Golf 3 ba diski ba ne a can, daram ne mai kama da kwano, kuma in ka bar hambirki a ɗaure, shu, wato abin da ke gogar daram daga ciki, yakan manne da shi. In kuwa motar na rawa ko ba ka taka birki ba, ba laifin birki ba ne. Taya ce ta kwanta a gefen da ta daɗe a kai, musamman in iska ta ragu, ko busasshen taɓo ya maƙale cikin rim. Mai faci ya isa wannan.

Abin da nake so ka fi kula da shi shi ne kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski. Bayan tafiyar minti goma, tsaya ka kai hannu kusa da kowane rim, kada ka taɓa diski. In ɗaya ya fi sauran zafi sosai, ko kana jin ƙauri, ko motar na fizga gefe guda, to fistin ko fil ɗin kalifa ya cije. Wannan ba ya warkewa da tuƙi, cinye fad zai yi ya ƙona diskin. A kwance, a wanke, a sa giris ɗin birki. Don Allah kada a bari yaran gareji su shafa baƙin mai, yana kumbura roba.

In karkarwar ta ƙi tafiya, a cire taya a duba diskin ciki da waje, domin fuskar ciki ta fi ruɓewa kuma ba a ganinta. Tsatsa mara zurfi samfefa na ɗauke ta. In ta yi ramuka, sai a feƙe a inji ko a canza. A jikin diski akwai lambar mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In feƙewa za ta kai shi ƙasa da haka, a nan maganar bakanikenka ta tabbata, ka nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano. Ka sayi biyu, hagu da dama, tare da sabon fad. Wajen mayarwa a goge mazaunin diskin tas, a ɗaure notin taya a gicciye, ba bi da bi ba, kuma ba da hawa kan sifana da ƙafa ba.

Sharaɗi ɗaya: in ruwa ya taɓa kai wa tayoyin, ko birki ya yi laushi yana nutsewa, manta da gwajin titi. Man birki na shan laima, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. A canza shi, a buɗe daram, a duba boris kafin fasinja ya shiga.

Damina mai zuwa, ajiye ta a giya da dutse a bayan taya maimakon hambirki, ka riƙa motsa ta duk mako ko da cikin gari ne. Allah ya tsare hanya.