Amsa ga ɗana kan rakiyar matafiyi da layin dogo na Kaura Namoda

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗin tambayar da ka yi. Ka ce wani abokin karatunka ya gaya maka cewa al'adar da muke yi a gida ta raka matafiyi har tasha, da haɗa masa guzuri, da neman gafarar juna kafin a rabu, duk jirgin ƙasa ne ya kawo ta ƙasar Zamfara, saboda haka tun da jirgin ya daina zuwa babu dalilin da zai sa a ci gaba da wahalar da tsofaffi. Ka kuma tambayi abin da ya sa layin ya tsaya a Kaura Namoda bai wuce Sakkwato ba. Tambayoyin biyu a haɗe suke, don haka zan amsa su tare.

Abokin naka ya ga wani ɓangare na gaskiya, amma al'adar ta girmi jirgi nesa ba kusa ba. Tun kafin Turawa su zo, fatakenmu suna tashi cikin ayari da jakuna da takarkarai, ƙarƙashin jagorancin madugu, su nufi Gwanja sayen goro, su yi watanni suna sauka zango zango, wani ya dawo, wani kuma sai dai labarinsa. Maniyyaci kuwa yakan bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙasa, ya yi shekaru kafin ya ga gida, in ma Allah ya ƙaddara zai gani. Mutumin da zai yi irin wannan tafiya dole ne ya biya bashin da ke kansa, ya mayar da ajiyar mutane, ya roƙi iyaye da maƙwabta gafara, su kuma su taka masa har bayan gari. Addini ma ya ƙarfafa haka, domin an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya raka Mu'azu ɗan Jabal lokacin da ya aike shi Yaman, yana tafiya a ƙasa Mu'azu yana bisa abin hawa, kuma ya koyar da mu mu ba Allah ajiyar addinin matafiyi da amanarsa da ƙarshen ayyukansa. Abin da jirgi ya yi shi ne ya sauya wurin rabuwa daga ƙofar gari zuwa tasha, ya kuma sanya wa rabuwar rana da lokaci.

Shi layin dogo daga kudu ya faro. An buɗe na Legas zuwa Ibadan a 1901, sannan aka shimfiɗa wani daga Baro a bakin kogin Kwara zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, bayan haka aka haɗa su a Minna. Namu reshe ne da ya rabu da babban layi a Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya isa Kaura Namoda a 1929, tafiyar sama da kilomita 200. Faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067, irin na sauran tsofaffin layukan ƙasar nan. Ba a yi shi da injunan haƙa irin na yau ba. Talakawa ne suka yi shi da diga da shebur da kwando a ka, kuma aikin dogo a Arewa ya haɗa da aikin tilas, inda akan sa hakimai da dagatai su kawo lebura daga ƙasashensu. Ina son ka riƙe wannan, domin idan ana maganar wanda ya gina layin, sunan Bature kaɗai ake kira, alhali gumin kakanninmu ne ya tayar da kowane tudun da ƙarfen yake kwance a kai.

Ba don a kai mu ziyarar dangi aka kawo shi ba. An kawo shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga zuwa bakin teku, musamman fatar jan akuyar Sakkwato wadda ta yi suna a kasuwannin Turai. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa haraji da kuɗi, manomi kuwa ba shi da hanyar samun kuɗin sai ya noma abin da kamfani yake saye. Da kaka ta yi, sai kamfanoni irin su UAC da John Holt su kafa sikeli, 'yan baranda su bazu ƙauyuka, a ɗauko buhuna a kan jakuna da raƙuma zuwa tasha. An kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Gusau. Idan taragai suka sauke kaya a kudu, sai su dawo da gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi da goro, kuma goron nan na jirgi yana cikin abubuwan da suka kashe fataucin Gwanja na ƙafa.

Daga nan za ka fahimci amsar tambayarka ta biyu. A ganina, wanda ya gina hanya don kaya yakan tsaya ne a inda ya ga kayan za su iya iske shi da kansu. Da layin ya kai Gusau da Kaura, amfanin gonar Sakkwato da Talata Mafara da Shinkafi da Zurmi, har da na wasu yankunan da ke hannun Faransa a arewa da mu, yana iya isowa a kan dabbobi da manyan motoci, ba sai an ƙara kashe kuɗin ƙarfe ba. Ga shi kuma a shekarar da ya iso, 1929, tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas. Bayan reshen Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930, ba a sake wani babban aikin dogo ba sai na Barno, wanda aka fara a 1958 ya isa Maiduguri a 1964. An sha yin alkawarin miƙa namu zuwa Sakkwato, gwamnati bayan gwamnati, amma har yau ƙarfen yana nan inda ya tsaya.

Duk da cewa ba don mu aka yi shi ba, mutanenmu sun mayar da shi nasu. Gusau, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, tasha ce ta mayar da ita babbar cibiyar ciniki, Yarabawa da Ibo da Kwarori suka zo suka zauna, Sabon Gari ya cika, daga baya aka kafa masaƙa da kamfanin matsar mai, kuma wannan bunƙasa tana cikin abin da ya sa ta zama babban birnin jiha da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996. Kaura ma, garin da yake ɗauke da sunan jarumi Namoda, ta zama matattarar 'yan kasuwa saboda nan ne ƙarshen layi. 'Yan ci-rani da almajirai da ɗaliban da za su Zariya da sojoji duk ta nan suke shiga. Ranar jirgi tasha takan cika tun kafin a ji kukansa, kuma masu rakiya sun fi matafiya yawa. Uwa takan ƙulle wa ɗanta dakuwa da ƙuli-ƙuli da soyayyen nama, domin jirgi yana iya yin jinkiri a hanya, kuma ba a son ɗan gidan mutunci ya zura wa abincin wani ido. Dattijo ya ja shi gefe ya yi masa nasiha kan salla da riƙon amana, a ba shi saƙon wasiƙa da na baki zuwa ga dangin da ke Zariya ko Kaduna, a yi addu'a a shafa. Idan ya dawo kuma sai ya zo da tsaraba, ko da burodi ne da lemo da 'yan ƙwaryar goro, a rarraba har maƙwabta. Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake, kuma jirgin nan ya ƙara wa ƙafar tamu nisa.

Faɗuwarsa ba ta zo rana ɗaya ba. An kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka fara sauya injunan kwal da na dizal, amma sai kwalta ta yawaita, manyan motoci suka ƙwace dakon kaya. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da layin ya dogara a kai, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Aka bar gyara, jirgi ya riƙa zuwa jefi-jefi har ya ɗauke ƙafa. An yi masa kwaskwarima a shekarun 2010, amma zirga-zirgar ba ta ɗore ba. Sabbin layukan da ake yi yanzu masu faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Kano zuwa Maraɗi, babu wanda ya biyo ta wajenmu, kuma wannan yana yi mini ciwo, domin manomin Zamfara yana biyan kuɗin mota mai tsada a kan masara da waken suya da tarago ɗaya zai kwashe da sauƙi.

To, game da cewa a daina rakiya tun da jirgi ya tafi, ban yarda ba. Dalilin al'adar shi ne matafiyi bai san abin da zai tarar ba, kuma kai kanka ka san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Abin da za a iya sassautawa shi ne siffarta. Ba dole ba ne kakarka ta taka har tashar mota da ciwon gwiwa, kai ne za ka je ɗakinta ka durƙusa ka yi sallama tun da dare, ka bi gidajen baffanninka da gwaggonninka, wanda ke nesa ka kira shi a waya da bakinka, kada ka wadatu da rubutaccen saƙo. Idan akwai wanda yake bin ka kuɗi, ka biya ko ka shaida wa mahaifinka. Guzurin da mahaifiyarka ta haɗa maka kuma ka karɓa da hannu biyu, ko da kana da kuɗin sayen abinci a hanya, ƙannenka su ɗaukar maka jaka zuwa tasha.

Idan ka zo hutun salla, ka tuna mini mu je wurin tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka rage a Kaura, ka zo da littafi da alƙalami ka rubuta abin da za su faɗa maka game da ranakun jirgi da kuɗin tikiti da irin kayan da suka loda. Ka gaishe mini da abokin naka, ka kuma nuna masa wannan amsa.